Jami'o'inmu na biyan dala su sayi laburaren da makaho ba ya iya shiga

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ɗan ba mu fili a jaridarka mai farin jini, mu yi magana a kan wani abu da ya shafi 'ya'yanmu makafi da sauran masu buƙata ta musamman da ke karatu a jami'o'in Gana. Mu ma'aikatan laburare ne da masu gwada manhajoji a nan Kumasi. Maganar za ta ɗan yi tsawo, sai a yi mana haƙuri.

Abin da ɗalibin jami'a ke nema yau, musamman mai digiri na biyu ko na uku, ba kasafai yake kan kanta ba. Mujallun bincike da dubban littattafai suna cikin rumbunan intanet irin su JSTOR, ScienceDirect, EBSCOhost da Emerald, kuma jami'a na biyan kuɗin shiga duk shekara, galibi da dala. Tun 2004 laburaren jami'o'i da cibiyoyin bincike na ƙasar nan suka haɗa kai a ƙarƙashin ƙungiyar CARLIGH domin su yi ciniki da baki ɗaya su samu sauƙi. Da kuɗin jama'a ake tafiyar da laburaren Prempeh II na jami'ar KNUST da ke Kumasi, da Balme na Jami'ar Gana da ke Legon, da Sam Jonah na Jami'ar Cape Coast. A 2025 kuma gwamnati ta ƙaddamar da karatun gaba da sakandare kyauta ga masu naƙasa, abin a yaba. Sai dai idan an biya wa yaro kuɗin makaranta ya shiga, sannan ya tarar rumbun da malaminsa ya tura shi ba ya buɗuwa gare shi, an yi ba a yi ba.

Buƙatarmu guda ce: gwamnati ta sa ido a kan wannan a daidai wurin da take da iko, wato kafin a sa hannu a kwangila a biya kuɗi. Bayan an biya, sai roƙo.

Bari mu nuna yadda abin yake a aikace, domin mai ido ba zai taɓa lura da shi ba. Ɗaliba makauniya ba ta amfani da mawus. Tana da manhajar da ke karanta mata abin da ke kan allo da murya: NVDA, wadda kyauta ce, ko JAWS mai tsada, ko TalkBack idan a wayar Android take. Da kibod take tafiya. Ta danna Tab, ya kai ta maɓalli na gaba. Ta danna H, ya tsallaka da ita zuwa kanun rubutu na gaba. Ta haɗa Insert da F7, NVDA ta jero mata duk mahaɗan da ke shafin. Idan an gina shafin yadda ya kamata, saurinta zai ba ka mamaki, don muryar da take saurare ta fi kunnen wanda bai saba ba gudu.

To, a ce tana gida a Aboabo ko Asawase, ba ta cikin harabar makaranta. Dole ta fara bi ta ƙofar da laburare ya tanada wa masu shiga daga waje. Nan za ta ci karo da shinge na farko: akwatin suna da na kalmar sirri ba a laƙa musu suna a cikin ginin shafin ba, mai ido yana ganin rubutun a gefe, ita kuwa abin da take ji kawai shi ne "akwatin rubutu, akwatin rubutu". Wani lokacin kuma a ce ta zaɓi hotunan da ke da fitilar kan titi don a tabbatar ita mutum ce. Ta samu wani ya shigar da ita. Ta rubuta abin da take nema, sakamako ya fito dubu goma sha wani abu. Tana so ta taƙaita shi zuwa shekara biyar da suka wuce, amma abin zaɓen shekarun wani ɗan sanda ne da ake ja da mawus, kibod ba ya kama shi. Ta haƙura. Ta danna wata maƙala, ƙaramar taga ta buɗo a tsakiyar allo tana neman amincewa da wasu sharuɗɗa, manhajarta ba ta sanar da ita ba, tana can tana lalube a shafin baya da ya riga ya rufe. Kafin ta gane abin da ake ciki, wa'adin zamanta ya ƙare, an fitar da ita ba tare da gargaɗi ba. Idan aka yi rashin sa'a dumsor, wato ɗauke wuta, ya faɗo a tsakani, shi ke nan, a koma farko. Abin da abokiyar karatunta ta gama kafin shayi ya huce, ita ya cinye mata yamma, kuma ta ƙare da ba wani kalmar sirrinta.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuskuren magini ne, sananne, mai suna da lamba a littafin ƙa'ida, kuma gyaransa ba ya da wuya.

Amma inda gizo ke saƙa shi ne fayil ɗin PDF. Iri uku ne, ko da yake a ido duk ɗaya suke. Na farko hoto ne zalla: an ɗora takarda a injin sikanin an ɗauka, babu harafi ko ɗaya a ciki, manhajar karatu za ta yi shiru kamar an ba ta farar takarda. Na biyu yana da rubutu amma ba shi da alamomin ɓoye da ke nuna wannan kai ne, wannan jadawali ne, wannan bayanin ƙasan shafi ne. Mujallu da yawa suna jera rubutu gida biyu, hagu da dama. Idan babu alamomin, manhaja na iya karanta layin farko na hagu ta zarce da layin farko na dama, ta haɗa jimla biyu da ba su san juna ba, sannan ta cusa sunan mujallar da lambar shafi a tsakiyar magana. Jadawalin alƙaluma ya koma tarin lambobi ba kai ba gindi. Lissafin da aka manna a matsayin hoto ya ɓace gaba ɗaya, kuma wannan na cikin dalilan da makafi ke kauce wa kimiyya da injiniyanci ko da suna da ƙwaƙwalwar. Na uku shi ne mai alamomi, wanda ke bin ƙa'idar PDF/UA da aka tsara don masu naƙasa, ko kuma a ba da maƙalar a tsarin shafin intanet (HTML) ko na littafin lantarki (EPUB), da lissafi a tsarin MathML da manhaja ke iya karantawa. Gwajin ba ya wuce minti ɗaya. Buɗe fayil, danna Ctrl da A. Idan rubutun bai haskaka ba, hoto ne. Idan ya haskaka, duba bayanan fayil a Adobe Reader, akwai layin da ke faɗa ko yana da alamomi ko babu. Akwai kuma littattafan da aka sa wa kwaɗo don hana kwafi, kwaɗon ya haɗa da manhajar karatu ya kulle ta waje.

Kada kuma mu ɗora komai a kan kamfanonin waje, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'o'inmu suna da nasu rumbunan inda suke zuba kundayen digiri, da yawansu a kan manhajar DSpace. Tsofaffin kundaye sikanin aka yi musu, kuma duk wanda ba a bi da shi ta manhajar gane haruffa ba, wato OCR, hoto ne. Sababbin ma, ɗalibi ya rubuta a Word, ya ƙara girman harafi ya yi masa kauri da hannu maimakon ya yi amfani da salon kanu da manhajar ta tanada, sannan ya fitar da PDF ta hanyar umurnin bugawa, wanda ke zubar da alamomin. Gyaran wannan ba ya buƙatar ko sidi ɗaya: makarantar digiri na biyu ta ba kowane ɗalibi samfurin da aka riga aka tsara, ta ce a adana PDF tare da alamomin tsari, kowane hoto da zane a rubuta masa bayani na jimla ɗaya ko biyu, laburare kuma ya ƙi karɓar kundin da bai cika wannan ba, kamar yadda ake ƙin wanda bai bi tsarin ambaton madogara ba. Na tsofaffin kuwa, a yi sikanin a ɗigo 300 cikin kowane inci, takarda a miƙe, a bi da OCR, sannan mutum ya duba da ido. Wannan dubawar ba ta da makawa a ƙasa irin tamu. Idan an saita manhajar a Turanci, ƙ ɗinmu sai ta koma k, "ƙasa" ta zama "kasa", "ƙafa" ta zama "kafa". Haruffan ɛ da ɔ na Twi ma haka suke shan wahala. Wanda ke nazarin harsunan Gana da kunne, irin wannan kuskure na iya ɓata masa bincike sukutum.

A nan sai mu ɗan ratse. Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon tana riƙe da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattaro tun shekarun 1960, har da na Alhaji Umaru na Kete-Krachi da ya rasu a 1934. Rubutun hannu irin wannan ba a dogara da OCR a kansa, sai malami ya zauna ya buga shi da kibod harafi bayan harafi. Zangunanmu cike suke da masu iya wannan aiki, kuma a cikin makafinmu akwai mahaddata da suka fi mu cancantar karanta waɗannan takardu. Duk mai ba da tallafin adana su a kwamfuta, ya kamata ya sa kuɗin bugawa a lissafi.

Mu dawo ga doka. Dokar Masu Naƙasa ta 2006, mai lamba 715, ta wajabta wa duk mai yi wa jama'a hidima ya tanadi abin da zai sa hidimar ta kai ga mai naƙasa, ta kuma ce laburaren jama'a ya yi tanadi gwargwadon iko. Ta ba masu gine-gine shekara goma su gyara, wa'adin ya cika a 2016, kowa kuma yana ganin inda aka kwana. Tarar da ta sa ba ta wuce ma'auni 50 ba, kowane ma'auni sidi 12, wato sidi 600, ko ɗaurin da bai wuce wata uku ba. Dokar ta fi sanin matakala da faɗin ƙofa, ba ta faɗi yadda shafin intanet zai kasance ba. A 2012 Gana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda sashenta na 9 ya ambaci fasahar sadarwa da intanet ƙarara, na 24 kuma ya yi magana a kan ilimi har matakin jami'a. Alkawari dai an ɗauka. Abin da babu a dokarmu shi ne ma'auni, da wanda zai riƙe ma'aunin. Shekara da shekaru ana maganar yi wa doka ta 715 garambawul, muna goyon baya, amma ɗalibar da ke shekararta ta biyu ba za ta iya jiran majalisa ba, kuma abin da muke nema ba ya buƙatar sabuwar doka.

Ma'aunin kuwa akwai shi, ba sai mun ƙirƙiro ba. Sunansa WCAG, wato ƙa'idojin duniya na gina shafin intanet yadda mai naƙasa zai iya amfani da shi. Bugu na 2.0 ya fito a 2008, na 2.1 a 2018, na 2.2 a 2023, kuma matakin AA, na tsakiya cikin matakansa uku, shi ne abin da hukumomi suka fi ɗauka. Kyawunsa shi ne ana iya aunawa. Duk abin da ake yi da mawus dole ya yiwu da kibod. Bambancin duhun rubutu da hasken bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, ko 3 bisa 1 ga manyan haruffa. A iya ƙara girman rubutu ninki biyu ba tare da wani abu ya ɓace ba. Kafin wa'adin zama ya ƙare a yi gargaɗi, a ba mutum aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari. Bidiyo ya zo da rubutun abin da ake faɗa saboda kurame. Ka ga ba makafi kaɗai abin ya shafa ba. Akwai zabiya mai raunin gani, akwai wanda shan inna ya taɓa masa hannu, akwai farfesan da gulakoma ta fara ci masa ido, cutar da ta yi yawa a ƙasar nan. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 8 cikin 100 na masu shekara biyar zuwa sama, mutum fiye da miliyan biyu, suna da wata matsala ta gani, ji, tafiya ko makamantansu, kuma ta gani ce kan gaba.

Wasu ƙasashe sun riga sun bi wannan hanya. Birtaniya tun 2018 ta wajabta wa hukumomin gwamnati su wallafa takardar da ke faɗin abin da ke aiki da abin da ba ya aiki a shafukansu, ana kuma ɗaukar samfur a gwada. Ma'aikatar shari'a ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a Afrilun 2024 da ta ɗora WCAG 2.1 matakin AA a kan gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi, har da jami'o'insu da abin da suke samarwa ta hanyar kwangila. Dokar Tarayyar Turai ta fara aiki ranar 28 ga Yunin 2025, ta kuma haɗa da littattafan lantarki. A nan Afirka, Kenya ta fitar da nata ma'aunin, KS 2952, a 2022. A Gana kuwa, hukumar NITA, wadda aka kafa da dokar 2008 don tsara ƙa'idojin fasahar sadarwa na gwamnati, abin da ake so daga gare ta takarda ɗaya ce da za ta ce WCAG matakin AA shi ne ma'aunin duk shafi da manhajar da aka saya da kuɗin jama'a.

Daga nan aiki ya koma hannun hukumar sayayya ta ƙasa, PPA, mai kula da dokar 2003 da aka gyara a 2016. Ita ke fitar da samfurin takardun neman kwangila da ma'aikatu ke bi. Ta ƙara sakin layi ɗaya: duk mai sayar wa jami'a rumbun bayanai ya kawo rahotonsa na VPAT. Wannan fom ne da kamfani ke cikewa, ƙa'ida bayan ƙa'ida, ya ce ya cika, ya cika wani ɓangare, ko bai cika ba. Manyan kamfanoni suna da shi, da yawa sun ma saka a shafukansu. Amma a karanta shi da wayo, domin mai kaya ne ke yabon kayansa. Duba kwanan wata: wanda ya wuce shekara ɗaya, wataƙila an canja fasalin shafin bayansa. Duba wa ya yi gwajin, da wace manhajar karatu. Duba ko ya haɗa da fayilolin PDF ko fuskar bincike kaɗai aka auna, don nan ake yawan yin rufa-rufa. Rahoton da ya ce "ya cika" daga sama har ƙasa, gidan bayani babu komai, shi ya fi ba mu tsoro. Wanda ya lissafa kurakuransa ya sa ranar gyara, ya fi gaskiya. Wata haɗakar laburaren jami'o'in Amurka mai suna Library Accessibility Alliance tana ɗaukar masu gwaji na waje su auna rumbuna, tana wallafa sakamakon kyauta. Wanda zai zauna teburin ciniki ya fara dubawa can.

Duk da haka, sayen rumbu a kan takarda kaɗai cinikin biri a sama ne. Kamfanoni sukan ba da lokacin gwaji kafin a saya, a nan ne za a sa hannu. Aiki shida ya isa: shiga daga wajen makaranta, yin bincike, taƙaita sakamako da shekara da fanni, buɗe maƙala, sauke ta a karanta shafi uku da jadawali ɗaya, sannan fitar da ambaton madogara. A yi zagaye na farko da kibod kaɗai, a cire mawus daga jikin kwamfutar a sa a aljihun tebur, don hannu ya saba sata. Na biyu da NVDA, allo a kashe. Na uku a ƙara girman shafi ninki huɗu a ga ko rubutu ya sake jeruwa ko sai an yi ta ja hagu da dama. Na huɗu a waya da TalkBack, saboda ɗalibanmu da yawa waya ce kwamfutarsu. Kowane aiki a rubuta ɗaya cikin uku: ya yiwu, ya yiwu da ƙyar, bai yiwu ba. A ware wa kowane rumbu kamar awa biyu zuwa uku. Manhajojin bincike na kai tsaye irin su WAVE da axe suna taimakawa, amma za su gaya maka hoto yana da bayani ne kawai, ba za su gaya maka bayanin shirme ba ne. Masu gwajin su kasance makafi da masu raunin gani na gaske, daga ɗalibai, ko ta hannun Ƙungiyar Makafi ta Gana da tarayyar ƙungiyoyin masu naƙasa, kuma a biya su kamar yadda ake biyan kowane ƙwararre. Tunda CARLIGH na ciniki a madadin kowa, gwaji ɗaya ya wadatar da dukkan mambobi. Ba sai Kumasi ta maimaita abin da Winneba ta riga ta yi ba.

Abin da gwajin ya nuna shi zai shiga kwangila. Shawararmu: kamfani ya ambaci ma'aunin da ya ɗauka a rubuce. Idan ɗalibi ya nemi maƙala ko babin da ba ya karantuwa, a kawo kwafin da ke karantuwa cikin kwanakin aiki biyar, don zangon karatu ba ya jira. Kuskuren da ke hana aiki gaba ɗaya a gyara shi cikin kwana 90, ko a kawo jadawalin gyara. Sannan laburare ya samu izini a rubuce na sauya fasalin duk abin da ya biya, zuwa rubutun makafi, murya ko manyan haruffa, ba tare da neman izini kowane karo ba. Wannan na ƙarshen shi ne wanda ba za a sassauta ba.

Mun san abin da za a ce: Gana ƙaramar kasuwa ce, wane kamfani zai canja shafinsa saboda mu, ga sidi na fama da dala, kada garin neman gira a rasa ido. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba mu ce a soke rumbun da dubban ɗalibai ke amfani da shi ba. Ba ma tsammanin babban kamfani zai yarda a riƙe masa wani kaso na kuɗinsa. Amma Turai da Amurka sun riga sun tilasta musu gyara, shafin da ɗalibin Faransa ke buɗewa shi ne wanda namu ke buɗewa, don haka abin da muke nema an riga an biya kuɗin gina shi. Inda akwai kamfanoni biyu masu kaya iri ɗaya, sakamakon gwaji ya shiga makin zaɓe. Inda kamfani ɗaya ne tilo, a saya, a rubuta gazawar a fili, a tanadi ma'aikacin da zai cike giɓin. Ƙofar shiga daga waje da shafin laburare da rumbun kundaye kuwa namu ne, babu wanda za mu fake da shi.

Mai riƙe da sanda mafi tsawo ita ce GTEC, hukumar kula da manyan makarantu, wadda dokar 2020 mai lamba 1023 ta kafa, kuma babu kwas ɗin da zai gudana sai da amincewarta. Tawagarta idan ta je tantancewa tana duba laburare da abin da ya mallaka. Ta ƙara tambaya uku. Ina sakamakon gwajin kowane rumbu? Kundaye nawa cikin rumbunku hoto ne zalla, nawa kuka gyara bana? Ɗalibi nawa ya nemi a sauya masa fasalin littafi, kwana nawa aka ɗauka? Kuma kada a yarda da a nuna wa tawaga ɗaki ɗaya mai kwamfuta biyu da injin rubutun makafi an lulluɓe da ƙyalle. A sa ɗalibi ya zauna ya yi aikin nan shida a gabansu. Majalisar masu naƙasa ta ƙasa ta tattara amsoshin ta wallafa duk shekara, jami'a bayan jami'a. Shugabannin jami'a sun fi jin tsoron jadawalin da ke nuna su a ƙasa fiye da tarar sidi 600.

Saura batun haƙƙin mallaka, wanda ke sa ma'aikacin laburare ɗari-ɗari. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Gana ta shiga a 2018, ta ba da damar a sauya fasalin littafi domin makaho da wanda ba ya iya karanta bugun takarda ba tare da izinin mai littafi ba, a kuma yi musayar irin waɗannan kwafe tsakanin ƙasashe. Dokarmu ta haƙƙin mallaka, mai lamba 690, an rubuta ta a 2005, shekara takwas kafin yarjejeniyar. Nijeriya ta saka wannan tanadi a sabuwar dokarta ta 2022. Muna roƙon ofishin haƙƙin mallaka da ma'aikatar shari'a su fito fili su ce laburaren jami'a na cikin waɗanda aka amince su yi wannan aiki. Da wannan, littafin da aka sha wahalar gyarawa a Legon zai iya isa Tamale da Wa a rana ɗaya, laburarenmu kuma su ci moriyar rumbun littattafan makafi na ABC, na hukumar haƙƙin mallaka ta duniya WIPO, maimakon kowa ya yi ta sikanin littafi ɗaya.

Ga iyayenmu na zango da ke da yaro ko yarinya da suka bi ta makarantar makafi ta Akropong ko ta Wa suna shirin shiga jami'a: kafin a zaɓi makaranta, a je da yaron laburaren, a nemi ganin mai kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman, a ce a ba shi kwamfuta ya sauke maƙala ɗaya ya saurara. Idan ya riga ya shiga kuma abin ya gagara, ya rubuta wa shugaban laburare takarda mai kwanan wata, ya faɗi sunan rumbun, da matakin da ya tsaya, da manhajar da yake amfani da ita, ya riƙe kwafi. "Ba ya aiki" kawai ba ta isa a gyara komai ba. Idan aka yi shiru, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, CHRAJ, na karɓar koke a kan hukumomin gwamnati kyauta. Ƙungiyoyin ɗalibai da 'yan jarida kuma suna da dokar 'yancin samun bayani ta 2019, mai lamba 989, wadda ta ba jami'in bayani kwana 14 ya amsa. A rubuta wa kowace jami'ar gwamnati a nemi jerin rumbunan da take biya, da ranar da kowace kwangila za ta ƙare, da rahoton VPAT da ta karɓa a kan kowanne. Kwangiloli da yawa daga Janairu zuwa Disamba suke tafiya, saboda haka a aika takardar tun tsakiyar shekara, kafin a zauna cinikin sabuntawa.

Mun gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan laburare da masu gwada manhajoji,
Ayigya Zango, Kumasi.